Ranar da Na Auna Gonar Gandu

Ni dai ban shiga jami'a don in koyi magana da kwamfuta ba. Ƙididdiga aka ba ni, na karɓa don ita ta samu, ina zaton lissafi ne na biro da takarda irin wanda na saba da shi tun sakandare. Sai da muka shiga shekara ta uku aka kai mu wani ɗaki mai zafi a ƙarshen tsangaya, inda aka jera kwamfutoci, rabinsu matattu, aka ce daga yau ba da hannu za mu riƙa lissafi ba, umarni za mu riƙa rubuta wa na'ura ita ta yi. Mu uku-uku muke zama a gaban kowace ɗaya. Ni kuwa ɗan ƙauye ne daga gefen Kunci, kafin in lalubo harafi guda na kusa da ni ya gama layi, ga ni da gajen haƙuri. Makon farko kullum sai na yi cacar baki da wani.

Malamar da ke koyar da mu wata siririyar mace ce, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma tausayin kowa. Sai ka rubuta umarninka layi bayan layi, ka danna, na'ura ta watso maka jan rubutu saboda waƙafi ɗaya da ka manta. In ka ɗaga hannu ta zo ta tsaya a bayanka, ba za ta taɓa maka komai ba.

"Karanta abin da ta ce maka," haka take cewa.

Wata rana na ce, "Malama, Turancin nata ai ba na mutane ba ne."

Ta ce, "To sai ka koya, tunda ita ba za ta koyi naka ba." Ta wuce abinta, 'yan aji suka yi ta dariya, ni kuwa na yini ina huci.

Abin da ya kama ni ya faru ne ranar da ta ba mu wasu tarkacen bayanai na amfanin gona daga garuruwa da yawa, layi ya fi ƙarfin ƙirga, wani gurbin babu komai, wani an rubuta shirme. Ta nuna mana yadda ake tsaftace su, a ware wanda babu, a tara na kowane gari wuri guda. Na rubuta 'yan layuka, na danna ina jiran jan rubutu, sai ga zane ya fito, kowane gari da sandarsa, wata doguwa wata gajera. Aikin da zan yi wata ina yi da biro, kafin in ƙifta ido an gama. Wallahi sai da na waiga ko wani ya gani. Daga ranar na zama ƙarfen ƙafa a ɗakin nan, in an ɗauke wuta in zauna ina rubuta umarni a takarda ina jiran a tayar da janareto. Da na je gida hutu ban bar Baba ya sha ruwa ba sai da aka saya mini tsohuwar laftof, wadda batirinta ba ya jure dogon zama. Da gyaɗar gandu aka saye ta.

Aikin da Malama ta ba mu na ƙarshen zango shi ne kowa ya koma garinsu ya tattaro bayanai da kansa. Jadawali biyu take so, ɗaya na gidaje, ɗaya na gonaki, a haɗa su a na'ura, a fitar da abin da kowace gona take bayarwa gwargwadon faɗinta. Ba mu kai ga farawa ba malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka ce kowa ya kwashe kayansa. A bakin ƙofa ta tsayar da mu ta ce yajin aikin nasu ne, ba namu ba, duk ranar da aka dawo aikinta take son gani. Na ɗauki jakata na hau mota, cikin rani, ban san ranar dawowa ba.

Sai in faɗi yadda gidanmu yake. Baba shi ne babba, Baffa ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da kakanmu ya rasu ba su raba gado ba, gandu ɗaya suke, wato gona ɗaya ake nomawa tare, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, kowace safiya Baba ya auno wa mata abin da za a daka. A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gona tana farawa ne daga jikin katangar gida, babu saura, babu daji, ciyawar gamba ce kawai tsakaninka da maƙwabci. Baba 'ya'ya mata ya haifa, duk suna gidajen mazajensu, ni kaɗai ne namiji, na zo a ƙarshe. Baffa kuwa maza uku gare shi, babban ya girme ni nesa, yana da mata da 'ya'ya. Su ne ƙarfin gandu. Su suke noma, ni ina can ina danna na'ura, kuma daga rumbun nan ake ɗibar garin da nake tafiya da shi makaranta.

Shekarun nan sun yi tsanani. Takin zamani ya gagari talaka, hatsi ba ya kai mu sabon gero, tuwon dare ya koma na marmari a gidaje da yawa. Babban ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, ya daɗe yana gunaguni a bayan fage. Babu wanda ya taɓa furta maganar raba gandu a gaban Baba, amma kowa ya san abin da za ta haifar. Baba zai tashi da rabin gona, ga tsufa, ga shi ba shi da hannu sai nawa, ni kuma ba na gari.

Zaman gida ya ishe ni tun ba a je ko'ina ba. In tashi in kunna rediyo ko an sasanta da malamai, a ce an tashi baram-baram, in kashe, in fita zaure, in dawo, in sake kunnawa. Inna ta ce ƙafata ba ta zama wuri ɗaya kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Laftof sai na kai wa mai caji a bakin kasuwa, in tsaya a kansa kada yara su taɓa, in dawo in yi aiki har ta mutu, in zauna ina kallon baƙin gilashi ina jin haushin kowa.

Na fara bin gidaje da tambayoyina. In ce, "Baba, bara dami nawa ka samu na gero?" Sai dattijo ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi." In ce na ji, amma nawa? Ya ce, "An gode Allah." To wane gurbi zan sa wannan? Mutanenmu ba sa son faɗin yawan damin da suka ɗaure, tsoron baki suke. Sai da na koyi zama, a yi hira, a zagi tsadar taki, a zagi gwamnati, kafin adadi ya faɗo daga bakin mutum ba da saninsa ba. Inda ya ƙi faɗowa in bar gurbin fayau, in gaya wa na'ura ta tsallake shi. Wannan duk na iya da shi. Faɗin gona ne ya gagare ni, don babu wanda ya san gonarsa da eka. Wani ya ce tasa noman mutum huɗu ce yini guda, wani ya ce tiya kaza take ci ta iri. Na'ura kuwa lamba take so, iri ɗaya, daga sama har ƙasa.

Wani abokin karatuna ne ya gaya mini a waya cewa akwai manhajar da ake sa wa waya, ka bi iyakar gona da ƙafa, ka danna a kowace kusurwa, ita ta fitar maka da faɗi har da zanen gonar. Na ji kamar an sauke mini kaya. Na ce bari in gwada a tamu tukuna, tunda ita ba sai na nemi izinin kowa ba.

Bazara ce, lokacin kai taki. Da hantsi duk gari yana gona, jakuna da amalanke suna ta jigilar shara da kashin dabbobi, an tsuga tsibi-tsibi ko'ina. Na fito da wayata a hannu, na miƙa ta gaba, na kama layin gamba ina tafiya a hankali. In kai kusurwa in tsaya, in danna, in juya. Ana yi mini sannu ina ɗaga hannu kawai, don kada in ɓata awo. Da na gama zagaye, sai na tuna gonar tamu ba ƙasa iri ɗaya ba ce, sama jigawa ce ta gero da gyaɗa, ƙasa kuma tana riƙe ruwa, dawa ake sa mata. Malama ta sha gaya mana kada mu cuɗa abin da ba iri ɗaya ba. Don haka na koma wajen gawon da ke tsakiya, na ratsa gonar daga wannan gefe zuwa wancan, na raba ta biyu.

A garinmu mutum ba ya bin iyakar gona taki-taki yana tsayawa a kusurwa sai in sayarwa za a yi ko rabon gado. Ni ma na san haka, a nan aka haife ni. Amma a ranar kaina cike yake da lambobi, kuma har gobe ban ga abin da na yi na laifi ba, aikin makaranta aka ba ni na yi. Mutanen gari dai ba su ga aikin makaranta ba. Ɗan babban gida suka gani ya auna gonar gandu, ya kuma tsaga ta biyu a gaban kowa.

Kafin azahar magana ta riga ni gida. Ina ɗaki ina juye awon a laftof Yaya ya ɗaga labule ya shigo, ko sallama babu, ƙafarsa duk taki.

"Wa ya aike ka?" ya ce.

Na ce, "Malamarmu."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Malamarku ce ta gaji kakanmu?"

Raina ya ɓaci. Na ce in bai yarda ba ya zo ya gani da idonsa, na juyo masa da laftof. Ashe na ƙara wa wuta mai ne. Abin da ke kan gilashin shi ne zanen gonarmu, ga kusurwar wajen rijiya, ga lanƙwasar wajen hanya, duk wanda ya taɓa noma ta zai gane ta, ga kuma layi ya ratsa tsakiyarta. Na shiga bayanin jigawa da dawa, da yadda ake fitar da amfanin kowace eka. Bai saurare ni ba. Ya daɗe yana kallon layin nan, sannan ya ce, "Mu muna kai taki, ku kuna awo. Madalla." Ya saki labule ya fita.

Baba da Baffa a kwano ɗaya suke cin tuwo a zaure bayan magariba, tun ina yaro haka na gan su. Ran nan Baffa bai fito ba, aka ce kansa ke ciwo. Inna ta ja ni gefe, ta ce in je in gaya wa Baba gaskiyar abin da ya faru tun wuri bai ƙure ba. Na je na durƙusa, na kwashe komai na faɗa masa, daga Malama har gawo. Yana ci yana saurare. Da na gama ya wanke hannu ya ce, "Na ji."

Washegari da safe ya aika a kira Baffa da 'ya'yansa, ya ce ni ma in zo. Hankalina ya kwanta. Na ce yanzu zai yi musu bayani, a yi mini faɗa, a ce ɗan boko ba shi da hankali, a yi dariya a watse. Har na shirya yadda zan sunkuyar da kai.

Muka zauna a zaure, Baffa yana gefe yana kallon tabarma. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Awon da yaron nan ya yi jiya, ni na sa shi."

Na ɗago kai da sauri, na buɗe baki. Bai ko dube ni ba ya ce, "Ba da kai nake ba."

Ya juya wajen Baffa. Ya ce ya tsufa, ba ya so ya mutu ya bar rigima a bayansa, gara kowa ya san nasa tun suna raye su biyu. Ya ce 'ya'yan Baffa sun girma, sun yi iyali, ya kamata su ci guminsu. Ya ce kafin ruwa ya sauka za a kira mai unguwa da liman a raba.

Baffa ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Yaya, me na yi maka?"

Baba ya ce, "Ba ka yi mini komai ba. Lokaci ne ya yi."

Baffa ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Babban ɗansa, mai gunagunin nan, ko tari bai yi ba. Ni kuwa na san ƙarya Baba ya yi, kuma ban taɓa jin ya yi ta ba.

Ban iya yi wa Baba gardama da baki, don haka na koma wajen abin da na iya. Kwanakin da suka biyo ban san inda kaina yake ba, daga wajen mai caji sai ɗaki. Na bi Inna da tambaya har ta gaji da ni, dami nawa aka ɗaure bara, nawa bara waccan, tiya nawa take dakawa in mu kaɗai ne. Na raba gonar biyu a na'ura, na cire hannun 'ya'yan Baffa, na bar na Baba. Na rubuta umarnin da zai gwada shekara mai kyau da shekarar fari, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Jan rubutu ya yi ta fitowa ina zaginsa ina gyarawa. Ban taɓa rubuta abu mai tsawo da tsafta irin wannan ba, da Malama ta gani da ta gyaɗa kai. Ta kowace hanya na bi, amsa ɗaya ce: hatsin Baba zai ƙare tun damina ba ta yi nisa ba.

Na same shi da la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida yana ɗaure ƙotar fartanya. Na durƙusa na ajiye masa laftof a gabansa. Ya ajiye fartanyar, ya matso da fuskarsa, ya tambaye ni wannan layin da yake gangarowa na mene ne. Na ce hatsin rumbu ne. Ya ce nan da ya taɓa ƙasa fa? Na ce nan ne ya ƙare. Ya sa yatsa ya bi layin a hankali, ya tambayi watan, na faɗa masa.

"Na'urar taka ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Wajen nan ne."

Na ce, "To Baba, me ya sa? Kai ka san ba kai ka aike ni ba."

Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da ɗauri. Can ya ce shekara biyu ke nan Baffa yana zuwa ya zauna a inda na durƙusa, ya buɗe baki, sai ya ɓige da zancen tunkiya ko na rufin ɗaki, ya tashi ya tafi. Ya ce 'ya'yan Baffa sun matsa masa a cikin gida, kuma suna da gaskiya, shi kuwa ba zai iya duban idon wanda ya goya shi ya ce a raba ba, ko zai mutu. Ya ce ƙane ba ya neman rabo, babba ne yake bayarwa, shi ma kuma ya rasa ta inda zai fara ba tare da Baffa ya ɗauka korarsa ake ba.

"Da na ce ba ni na aike ka ba, da an yi dariya an tashi," ya ce. "Shi kuma ya koma ya ci gaba da ramewa tsakanina da 'ya'yansa."

Na ce, "Wato da ni aka fake."

Ya ce, "Da kai na fake. Kuma in ka gaya masa ban yafe ba."

Na rufe laftof na tashi. Haushi nake ji, na Baba, na Yaya, na Malama da jadawalinta, na masu yajin aikin da suka jibge ni a gida. Na bi hanyar bayan gari na yi ta tafiya har aka kira magariba, ban san inda za ni ba.

Aka raba kafin ruwa. Mai unguwa da liman suka zo da igiya, aka auna, aka kafa duwatsu. Wani ya ce a kira ni in kawo wayata a tabbatar, na ce ta lalace, na shige ɗaki. Ba ta inda na ratsa aka bi ba, a tsaye aka tsaga ta don kowa ya sami jigawa ya sami ƙasan dawa. Aka buɗe rumbu aka raba ɗan abin da ya rage. Inna ta sauke babbar tukunya ta kife a bayan ɗaki, ta ɗauko ƙarama. Ba a yi faɗa ba, ba a daina gaisawa ba, kuma wannan ya fi ci mini rai, don da an yi faɗa da na sami wanda zan huce a kansa.

Da ruwan shuka ya sauka muka fita ni da Baba, yana sara ina jefa iri ina takewa. Aka dasa sabuwar gamba a kan layin duwatsu. Noman farko ya zo, hannuna ya yi kanta ya fashe, don rabona da fartanya tun ina sakandare. Ina fara kunya da ƙarfi in bar Baba a baya, kafin rana ta take na sare, shi kuma ya zo ya wuce ni a hankali, bai fasa ba. A ɗaya ɓangaren Baffa da 'ya'yansa uku suna jere, kafin mu gama kunya biyar sun kai ƙarshen gona. In na dawo da yamma, yatsuna ko lanƙwasuwa ba sa yi sosai, amma sai na buɗe laftof na taɓa aikin Malama, don in ban taɓa ba ji nake kamar zan haukace. Na auna gonakin mutane da yawa bayan nan, amma kowace sai na sa mai ita a gaba muna tafe tare, ana ganinmu.

Muna tsakiyar maimai, ciyawa ta taso da ƙarfinta bayan wani ruwa mai yawa, rediyo ta ce an janye yajin aiki, a koma aji mako mai zuwa. Labarin da na yi wata da watanni ina jira ke nan, da ya zo kuma sai gabana ya faɗi. Na sami Baba na ce zan tsaya har a yi girbi, in ya so in maimaita shekara, ba a kaina aka fara ba.

Ya ce, "Gyaɗar gandu ta tafi a na'urar nan, ta Baffanka a ciki. Ka koma ka gama."

Na ce ciyawa fa? Ya ce ciyawa ba baƙuwarsa ba ce. Na sake magana, ya ce ya gama tasa.

Ranar tafiya ya riga ni fita, don haka na rataya jakata na bi ta gona in yi masa sallama, daga nan in fita titi. Na same shi a sunkuye a tsakiyar gero, rabin gonar ciyawa ta rufe ta. Ina tsaye a bakin kunya ina neman abin da zan ce, sai na ga Baffa ya baro 'ya'yansa, fartanya a kafaɗa. Ya tsallako sabuwar gamba, ya kama kunyar da ke kusa da ta Baba ya sunkuya ya fara noma.

Baba ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu. "Ina za ka?"

Baffa bai ɗago ba. "Yaron zai tafi, Yaya."

"Na sani. Koma wajen 'ya'yanka."

"Yau kaɗai."

"In ka yi yau, gobe ma za ka yi," Baba ya ce. "Ga su can suna kallonka. Kada ka mayar da su inda suka fito."

Na waiga. Su ukun sun daina aiki, suna tsaye da fartanyoyinsu. Baffa ya miƙe, ya dubi ciyawar da ke gaban Baba har ƙarshen gona, ya dubi Baba. Baba bai kawar da ido ba. Sai Baffa ya kakkaɓe ƙasar fartanyarsa, ya juya, ya tsallake gambar ya koma.

Baba ya dube ni ya ce, "Kai kuma me ka tsaya yi? Za ka rasa mota." Na durƙusa, ya sa mini albarka a gajarce, ya koma ya sunkuya.

Na ɗauki jakata na kama hanya ta cikin gero. Har na kusa titi ina jin fartanya guda ɗaya tana sara a ɓangarenmu.